Fuskar Baba a Tagulla

Bayan rasuwar Baba na yi watanni a shagona na Gyadi-Gyadi ina sassaƙa fuskarsa a busasshen farin siminti, wato filasta, kamar babban kwabo mai faɗin tafin hannu. Ba mu da hotonsa na kirki, da abin da na tuna na yi aiki. Da na gamsu, na danna filastar a yashi ta bar siffarta, na narka tagulla na zuba a ciki. Na kai wa Inna kwabon a gidanmu na Tarauni, ta riƙa shafa shi tana hawaye, sannan ta adana a kwallarta.

Da ita ma ta rasu, babban wanmu ya kwashe kayan ɗakinta ba da sanina ba. Na tambaye shi kwabon.

"Wannan ƙarfen?" ya ce. "Na haɗa da tsofaffin tukwane na ba 'yan gwangwan masu sayen tsofaffin ƙarafa. Ai ka iya, sai ka sake wani."

Na bi su har Unguwa Uku, suka ce an riga an narkar. Filastar kuwa ta daɗe da fashewa. Na yi ta gwadawa, amma kamannin Baba sun ƙi fitowa. Har yau gaisuwa kaɗai ke haɗa ni da Yaya.