Ƙanƙarar Bara'atu

Shekara goma sha tara Bara'atu ta yi tana yawon riga-kafi tsakanin Gaya da ƙauyukan Ajingi, akwatin sanyi a kafaɗa, alli a hannu. Da wuya ka ga katanga a Gafasa da babu rubutunta. An sakar mata kare, an watsa mata ruwan wanke-wanke, duk da dariya take ba da labarin. Abu ɗaya ne in ta tuna sai ta kau da kai ta tofar da yawu.

A azumin shekarar da aka kawo allurar korona ne. Mako uku tana bin gidaje tana lallashi, har sai da liman ya ce allura ba ta karya azumi, sannan mata goma sha ɗaya suka yarda. Cikinsu akwai Hansai, tsohuwa mai ciwon asma, wadda ta hawo babur tun daga Toranke. Aka sa lokaci bayan la'asar, a gidan mai unguwar Gafasa.

Da Bara'atu ta iso, maza sun cika zaure ana musu a kan allurar.

"Iri uku ce," in ji Kamalu mai cajin waya. "Akwai mai shiga jini ta sake masa tsari, akwai wadda aka haɗa da cutar biri, akwai ta talakawa."

"Mu wacce aka kawo mana?" wani ya tambaya.

"Ka ji ka! Wadda suka ƙi mana."

Bappa Gaji, ƙanen mai unguwa, ya nuna akwatin da haɓa. "Ke 'yar nan, maganin kirki me ya haɗa shi da ƙanƙara? Abu mai rai ake sanyayawa don kada ya farka."

"Bappa, ai ko nono in ya sha rana lalacewa yake."

"Nono dai na san saniyarsa."

A gidan babba, baƙuwa ba ta kutsawa ciki da kaya kamar mai talla. A zaure take ajiyewa, amanar masu gida, ta shiga ta gaisa. Haka Bara'atu ta yi. Ta gai da matan, ta yi salla, ta fito ɗaukar akwati.

A buɗe ta same shi. Robobin ƙanƙara huɗu suna iyo a cikin randar zaure. Kwalaben allura kuwa an jera su a kan dakalin waje, rana na dukansu.

"Anti, aro ne," Kamalu ya ce. "Ruwan buɗe baki muke sanyayawa. Kwalaben ma ba mu taɓa da hannu ba, leda na sa."

"Ba ku kuka ce guba ce a akwatin ba?"

"Gubar ai a kwalba take," in ji Bappa Gaji. "Ƙanƙara meye laifinta?"

Ta ɗora kwalba ɗaya a kumatunta. Ɗumi kamar ragowar shayi. Da ta ja bakinta ta yi wa matan a haka, babu wanda zai sani. Ta leƙa cikin gida, ga Hansai har ta naɗe hannun riga.

"Iya, ku yi haƙuri. Allurar ta lalace."

Bappa Gaji ya tafa hannu. "Jama'a kun ji! Da bakinta ta faɗa!"

Kafin a sha ruwa maganar ta kai Toranke, babu ƙanƙara a cikinta, babu randa: mai allura da kanta ta ce lalatacciya ce. Da Bara'atu ta dawo da sabuwa bayan mako guda, mata biyu ta samu. 'Ya'yan Hansai sun hana a sake ɗauko uwarsu.

Abin da ya fi tsaya mata a wuya shi ne, a ranar, tana shirin hawa babur, Kamalu ya biyo ta da ruwan randar nan a gora.

"Anti, ki riƙe na buɗe baki. Ya yi sanyi sosai."

Ba ta karɓa ba, da ƙishinta ta isa Gaya.

Har yau tana yawon riga-kafi. Amma ko gidan wa ta shiga, da akwatinta take wucewa, a ce mata marar ladabi. In za ta yi salla, a gefen darduma take ajiye shi, ta take igiyarsa da ƙafa.