Layin da Na Rubuta Ba Daidai Ba

Shagona a Gyaɗi-Gyaɗi yake, bayan layin masu gyaran waya. Gyaran kwamfuta nake yi, shekara ashirin da ɗoriya. A aji uku na sakandare karatuna ya tsaya, lokacin da tsohonmu ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Sauran abin da na sani, da hannuna na koya, da ƙona kayan mutane da biyan su. Masu digiri in sun shigo wurina, takalmina suke fara kallo kafin su kalli aikina. Na saba, amma ban ce ya daina yi mini ciwo ba.

Akwai wani ɗan asibitin kuɗi a Tarauni da na yi shekara huɗu ina kula musu da saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan marasa lafiya. Mai asibitin likita ne, kowa Dakta yake ce masa. Ni kuma “mai gyara” yake ce mini, ko a gaban idona. Wadda ke zaune kusa da na'urar kullum ita ce Malamar ɗakin kati, mace mai natsuwa, ba ta da yawan magana, ita ke ciyar da gidansu da wannan aikin.

Bari in yi bayanin abin yadda na gane shi. Kanel, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da na'urar, yanka ƙwaƙwalwar kwamfuta yake yi ƙanana-ƙanana, ana ce musu shafuka. Rumbun bayanan asibitin kuwa babban maciyi ne, in ka ba shi ƙananan sai ya gaji da ƙirga. Don haka akan ware masa manyan shafuka, kamar yadda ake zuba wa taron biki abinci a faranti maimakon a bi kowa da kwano. Kanel yana nuna lissafinsu a layuka huɗu: jimillarsu, waɗanda suke a sake, waɗanda aka kama, da rara.

Bayanin waɗannan layuka yana nan da Turanci, irin Turancin da waɗanda suka rubuta shi suke yi wa junansu. Na yi makonni ina fama da shi a shago, tsakanin kwastoma da kwastoma. Da na ga kamar na kama bakin zaren, sai na sayi littafi mai bango mai tauri na fara rubuta komai da Hausa, layi bayan layi, da abin da za a danna in abu kaza ya faru. Ba wanda ya sa ni. So nake in bar abin da zai nuna cewa mai gyaran ma ya san abin da yake taɓawa. Na ajiye littafin a durowar Malama, na ce mata duk ranar da ba na kusa, ta bi shi kawai, ba ƙari ba ragi.

A ƙarƙashin layi na biyu, wato na waɗanda suke a sake, ga abin da na rubuta: waɗannan ba mai amfani da su, in sun yi yawa a rage jimillar, a ba sauran ayyuka wuri. Har da yadda ake ragewa na sa, da jan biro.

Ashe ba haka ba ne. Wanda ya taɓa shiga mota a tashar Unguwa Uku ya san kujerar da aka ɗora wa jaka. Ka leƙa ka ga ba kowa, amma mai ita ya je sayen ruwa ne. Kanel yana lissafa irin waɗannan kujerun cikin na sake, tun da ba a zauna ba tukuna. Sai ka cire layi na uku daga na biyu kafin ka san ainihin abin da ya rage. Ni ban gane wannan ba sai daga baya.

Wani mako na tafi ƙauyenmu ta'aziyya, inda waya ba ta shiga. Dakta ya yi ta ƙorafi cewa na'urar ta yi nauyi. Malama ta neme ni ba ta samu ba, sai ta buɗe littafi. Ta ga layi na biyu cike, ta rage jimillar kamar yadda na rubuta. Ranar ba abin da ya faru, washegari ma haka. A rana ta uku aka ɗauke wuta da safe, kafin a tayar da janareta na'urar ta mutu. Da ta tashi, rumbun bayanan ya nemi manyan shafukansa, ya tarar ba su kai ba, ya ƙi buɗewa.

A daren da ya gabata na dawo, da safen nan ina buɗe shago kira ya shigo. Na tari adaidaita sahu zuwa Tarauni. Na tarar da benci cike, mata da goyo, wani dattijo riƙe da ledar magunguna yana tambayar yaushe za a nemo katinsa. A ɗakin kati Dakta na tsaye, hannu a aljihu. Ba ya ɗaga murya, shi ya sa faɗansa ya fi zafi. Yana gaya wa Malama cewa kati ya ɗauke ta ta riƙe, ba injiniyanci ba, kuma in an gama gyara ta same shi a ofis da makullan ɗakin. Ita dai tana tsaye, ta rungume littafina a ƙirji.

Gyaran bai ci minti goma ba. Na mayar da lambar yadda take, na sake kunnawa, komai ya dawo. Ina zaune a gaban allon ne na ƙura wa layukan nan huɗu ido, na ga na uku ya kusa kai na biyu, abin ya faɗo mini gaba ɗaya.

Ba zan yi ƙarya ba, na yi tunanin yin shiru. Dakta bai san abin da ke cikin littafin ba. Malama kuwa na san halinta, ko za a kore ta ba za ta ambaci sunana ba. Shekara huɗu ina jiran ranar da mutumin nan zai ga rubutuna ya san ba jahili yake kira ba, sai ga shi ranar ta zo a haka.

Na ce, “Malama, ba ni littafin.”

Ta ce, “Malam, bar shi kawai, ai ya wuce.”

Na karɓa, na buɗe shafin, na miƙa wa Dakta. Na ce, “Ranka ya daɗe, abin da na rubuta ta bi. Rubutun ne ba daidai ba, kuma ni na yi shi.”

Ya karanta a hankali, ya juya shafi biyu uku. Ya tambaye ni wa ya duba mini wannan kafin in ajiye a asibitinsa. Na ce ba kowa. Ya gyaɗa kai, ya mayar mini, ya ce wa Malama ta fara kiran mutane, dattijon nan shi ne farko. Maganar makulli bai sake tayar da ita ba.

Kafin in fita na ari bironta na soke layin, na rubuta na gaskiya a gefe, da misalin kujera da jaka, yadda ko wa ya karanta zai gane. Ta karanta sau biyu, ta tambaye ni ko rara ma ana cire ta. Na ce a'a, na ƙara wannan ma a ƙasa.

Wata bai ƙare ba Dakta ya ba wa wani kamfani na 'yan boko aikin. Bai kira ya gaya mini ba, a bakin mai gadinsu na ji, da ya kawo mini rediyonsa duk da ya san ba gyaran rediyo nake ba. Na tambaye shi Malama fa. Ya ce tana nan a ɗakinta, yanzu ma ya baro ta tana jera kati.