Alhamis ɗin da Buba Ya Kira Sunan Ɗansa

Har in koma ga Allah ba zan manta da wata Alhamis ba, cikin damina, a farkon shekarun casa'in. Lokacin ina lebura a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Doguwa. Aikina shara, tafasa allura, da kula da oba-oba. Ku da kuke ganin likita ta waya yanzu ba ku san ta ba. Akwati ce mai aiki da batirin mota: ka danna ka yi magana, ka saki ka saurara. Duk Alhamis bayan azahar, wata Sista mai kula da masu damuwa da faɗuwar gaba takan hau layi daga Kano. Ƙa'ida ita ce in kunna, in zaunar da mutum, in fita in ja ƙofa.

Akwai wani Bafulatani, Buba, daga rugagen wajen Burumburum. Ɗansa na fari, saurayi, ruwa ya tafi da shi wajen ƙetarar da shanu, ko gawa ba a gani ba. Tun daga nan Buba ya daina barci, abinci sai an matsa, ƙirji kullum yana dukan tara-tara. Ƙaninsa da ya kawo shi ya ce sun sha tsinto shi tsaye cikin kogin, ruwa iya ƙugu. Abin da muke tsoro ke nan, kada wata rana ya ƙara gaba.

Kun san al'adarsu, uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya kuka a kansa. Zaman farko ina tsaye ina nuna masa wurin dannawa, Sista ta ce, "Baba, yaya sunan yaron?"

Ya ce, "Wancan ɗin? Ai kowa ya san shi." Ya ajiye abin maganar ya fice.

Ranar da nake ba ku labari, shugabanmu Malam Sabo, dispensa, ya tafi karɓo magani. Hadari ya haɗo, gari ya yi tsit, ko kaji ba ka ji. Na kunna akwati, sai shuuu kawai take yi. Na ce, "Zauna, Buba, yanzu za ta hau." Na ja ƙofa na zauna a benci ƙarƙashin taga.

Can sai na ji ya ce, "Na'am."

Wata murya ta fito daga akwatin, siririya, kamar mai magana baki cikin ruwa. Fillanci take yi. Sista kuwa ko gaisuwar Fillanci ba ta iya ba.

Buba ya ce, "Manu? Manu, kai ne?"

Tsigar jikina ta tashi. Daga nan ya fashe da kuka, irin wanda ban taɓa jin namiji ya yi ba. Muryar ta yi magana, ya amsa. Ban leƙa ba. Da ya fito, ido jawur, ya ce, "Ɗanladi, akwai mai fura kusa? An ce in ci abinci, kada in sake zuwa kogi."

Washegari na gaya wa Malam Sabo, ya kira Kano. Sista ta ce ai injinsu ya lalace tun Laraba, sai ranar aka gyara, jiya ba ta hau layi ba sam.

Malam Sabo ya ce, "Hadari ne ya haɗa layi da na ma'aikatan dabbobi. Kai dai Ɗanladi, akwai son labari."

Na ce, "Ranka ya daɗe, su ma'aikatan dabbobin wa ya gaya musu zancen kogi?" Ya hau gyara kwalabe.

Sista ta ce, "Kada ku ce masa ƙarya ne, kada ku ce masa gaskiya ne. Ku dai kawo mini shi Alhamis."

Ya zo. Kafin in ja ƙofa na ji ta sake tambayar sunan. Ya ce, "Usmanu. Manu muke ce masa." Haka ya riƙa zuwa har kaka. Ya yi ƙiba, kuma ba a sake ganinsa a bakin kogi ba.

Ni ban yi karatu ba, ba kuma zan ce muku na san wanda ya yi magana ranar ba. Abin da na sani, mai damuwa sau da yawa ba allura yake nema ba, wuri yake so da zai faɗi abin da ba ya faɗuwa a gaban idon mutane. In kun zaunar da shi, ku fita ku ja ƙofa. Ni dai tun daga ranar na ɗauke bencin daga ƙarƙashin tagar nan.