Na Ga Kumfa a Lagireto, Na Yi Shiru

Kafin sunana ya ɓaci, ni bakanike ne a bakin tashar Gaya. Mahaifina manomi ne a Kademi, shi ya kai ni koyon sana'ar tun lokacin da motoci ke ta jigilar gyaɗa zuwa Kano. Abin da na fi ƙwarewa a kai shi ne gano inda mota ke zubar da ruwa. In direba ya ce injinsa na zafi, sai in bari ya huce, in cika lagireto, in baza busasshen yashi a ƙarƙashi don in ga inda zai ɗiga. In bi tiyo da yatsa, in duba robar murfi, domin murfin da ba ya riƙe iska yakan sa ruwa ya tafasa ya gudu. In babu yoyo a waje, to ɓarnar tana ciki, gasket ɗin da ke kan inji ya ƙone. Alamarsa kumfa a bakin lagireto, da farin hayaƙi a salansa, baƙin mai kuma ya koma kamar an dama shi da nono.

Da ƙaramin abu na fara. Mota za ta zo murfi ne kawai ya lalace, in ce sai an sauke lagireto an yi walda. In wanke shi in mayar, in canja murfin a ɓoye. Ba wanda ya gane, sai ma yabo. Daga nan na haɗu da wani dillalin tsofaffin motoci daga birni. Shi ya kawo gawar mota, ni in zuba mata garin kuka da ɗanyen ƙwai a lagireto su toshe huda na ɗan lokaci, in sauya baƙin mai. In mai saye ya zo, a kira ni kamar wanda ba ruwansa, in ce lafiya lau.

Shekarar da tuƙi ya koma hannun dama, Baba Bukar ya zo daga Toranke. Aminin mahaifina ne, ɗansa Modu kuwa tare muka yi kaciya. Ya sayar da shanunsa zai saya wa Modu ƙaramar motar haya, kuma ba ta kowa ya taya ba sai ta dillalina.

Ya ce, "Ɗana, ni ban san kan mota ba. Duba mini, abin da ka ce shi zan yi."

Na tada inji, na buɗe murfi. Ga kumfa nan tana tasowa ƙanana-ƙanana, wadda kuka ba ta iya ɓoyewa. Na mayar da murfin na ɗaure. Na ce, "Baba, saya." Ya ba ni goro, ya sa mini albarka.

Da damina ta sauka, maciji ya sari Modu a gona. Aka sa shi a motar, yaron motarsa ya ja, za su asibiti. Tsakanin Ajingi da Gaya inji ya tafasa. Suka riƙa ɗebo ruwan kududdufi suna zubawa yana ɓacewa, har injin ya kafe. A zamanin nan sai a wuni mota ba ta bi hanyar ba. Kafin amalanken shanu ya iso da shi gari, rai ya yi halinsa.

Wani bakanike ya kwance lagireton ya tarar da yauƙin kuka. Aka kama dillali, ya ambaci sunana. A gaban alƙali tambaya ɗaya Baba Bukar ya yi mini.

"Ka gani, ko ba ka gani ba?"

"Na gani, Baba."

Bai sake kallona ba.

A gidan yari ranar ziyara ta fi kowace rana tsawo. Ana kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya, ni ina jingine da bango ina cire ƙwarƙwata. Matata ta nemi a raba auren, aka raba. Rasuwar mahaifina ma daga bakin wani sabon fursuna ɗan Kademi na ji ta, bayan an daɗe da yin sadakar arba'in. Ya ce tsohon ya daina zuwa kasuwar Gaya tun ranar da aka ɗaure ni.

Da aka sake ni, a ƙasa na taka har Toranke. Na sami Baba Bukar a zaure, ya tsufa ƙwarai. Na durƙusa na roƙi gafara. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce haƙƙin shanunsa ya yafe duniya da lahira. "Na Modu kuwa ba a hannuna yake ba, sai kun haɗu."

Yanzu facin tayar keke nake yi a gefen Ajingi, ina kwana ni kaɗai a shagon. Direbobi sukan wuce da mota tana tururi, na san abin da ke damunta, amma ba mai tsayawa ya tambaye ni, kuma ban ga laifinsu ba.

Ku samari masu koyon sana'a, kada ku raina ƙaryar da ba a kama ku da ita ba, ita ke buɗe ƙofa ga babbar. Ku ci guminku ko da kaɗan ne. Ni na tuba, ina fatan Allah Ya karɓa, amma har yau tubar ba ta dawo mini da ko mutum ɗaya da zan sa hannu a kwano tare da shi ba.