Akwatin da Ke Kai Ƙarar Goggo

A gyara zama, a kashe waya, mai tari ya juya baya. Ga sarauniyar tsaga da kalaba, wadda ta san sirrin kan kowace mace a layinmu: wa ke rina furfura, wa ke da amosani, wa ke cika baki da gashin da ba nata ba. Ga wadda ko gaisuwa ka miƙa mata sai ta juya ta ta duba bayanta kafin ta amsa. Goggo ke nan, yayar babana, mai kitso.

Tun tana budurwa take wannan sana'a. Ɗakinta ɗaya ne a gidan haya mai ɗakuna a jere, da famfo guda a tsakar gida. A ƙofar ɗakin take zama kan kujera 'yar tsugunno, tsinke a bayan kunne, kwalbar mai a gefe, kan wata a tsakanin gwiwoyinta. Miji ya rasu, 'ya'ya sun watse neman na kansu. Kitso ne cinta, shi ne hirarta. Ranar da kawuna suka daina zuwa ƙofar nan, Goggo ta san ba abin da zai rage mata sai bango.

Bara tari ya kama ta. Ta ce sanyin famfo ne, ta ce turaren maƙwabta ne, har zani ya fara zame mata a ƙugu. A asibitin unguwa aka gwada kakinta aka ce tarin fuka ne, yana warkewa, amma sai an sha magani watanni ba fashi. Goggo ba mutuwa ta fara hangowa ba. Abin da ta hango shi ne: wace mace za ta ƙara kawo kanta ƙarƙashin numfashinta?

A lokacin akwai masu bincike a asibitin, suna son su gano ko wani ɗan akwati zai taimaki mutane su ƙarasa maganinsu. Bai fi kwanon sabulu ba, a ciki ake ajiye ƙwayoyin maganin. Da safe sai ya yi ƙara, in an buɗe ya sanar da asibiti. In ba a buɗe ba, malamar jinya ta kira waya, in ba a ɗauka ba ta zo har gida. Sun ce tana iya ƙi, ba abin da zai taɓa maganinta. Goggo ta karɓa, don a ganinta wanda ya ƙi shi ake sa wa ido.

Ita malamar, yarinya ce mai sanyin murya, Goggo ta raɗa mata suna Ya-Barci. Duk zuwa sai ta tambaya: ya barci, ana jin daɗin abinci, zuciya na yin nauyi? Ta yi bayani cewa doguwar jinya kan zo da damuwa, mai damuwa kuma shi ya fi saurin ajiye magani. Goggo ta ce lafiya lau take kwana, alhali rabonta da barcin kirki tun kafin tarin. Ita dai ƙirji ta kawo musu. Me ya kai wannan yarinya cikin filonta?

Sai fitsari ya koma ja. Ya-Barci ta faɗa mata tun farko cewa haka maganin ke yi, kada ta tsorata. Wannan ma shi ya ƙara tsorata ta, don a wurin Goggo mai gaskiya ba ya riga ka rantsuwa. Ta zauna ta haɗa lissafinta: sun ɗebi jini a kwalba, sun ba ta akwati mai kai rahoto, yanzu ga jini yana fita da kansa. Ai ba sai an faɗa wa makaho ana ruwa ba.

Barin maganin ba wuya. Wuyar ita ce in akwati ya yi shiru, farar riga za ta ratsa tsakar gida a gaban matar mai gidan, wadda ake kira Lasifika, wadda in ta ji magana da hantsi kafin azahar ta kai bakin titi. Don haka Goggo ta samo dabara. Akwati ya yi ƙara, ta buɗe da ladabi, ta kwashi ƙwayoyin, in ta fito alwala ta sake su a kwatar famfo. Akwati ya shaida, asibiti ya yaba, ita kuma ta koma kan kujerarta tana haɗiye tari.

Abin da ba ta sa a lissafi ba shi ne kwatar gidan ba ta gudu. Ƙwayoyin suka riƙa narkewa a lungun siminti, wurin ya rine ja-ja kamar an wanke lalle. Goggo ta zuba toka, ta goge da tsintsiya, washegari ya dawo.

Ran nan Lasifika ta zo tsifa. Ta zauna, ta kwance ɗankwali, Goggo ta sa tsinke. Tari ya taso wa Goggo, ta danne shi har idonta ya kawo ruwa. Lasifika ba ta juyo ba, kwatar take kallo.

"Yaya, wancan jan na bakin famfo, naki ne?"

Goggo ta ce ita ina ta sani, wataƙila rinin yaran ɗakin ƙarshe ne.

"Rini ba ya yin haka. Na san kalar nan. Shekarar da aka ce na tafi jinyar gyatumata, ba jinyar kowa na je ba. Ni ce a kwance." Ta janye kanta daga gwiwar Goggo. "Ni na haɗiye nawa maganin. Ke kuma kin ba kwata, kin zo kina tari a kan 'ya'yan mutane."

Tsinken ya tsaya a hannun Goggo. Ta nemi inda tarkon yake a maganar nan, ta juya ta gaba da baya kamar yadda ta saba, ba ta samu ba. Mace ba ta ƙaga wa kanta irin wannan ciwo don ta ji gulma. Da ƙyar ta tambaya ko nata fitsarin ma ya yi ja. Lasifika ta ce har hawayenta, kuma ga ta nan, jininta bai ƙare ba, sai ma hawa da yake yi.

Washegari ita ta tasa Goggo gaba zuwa asibiti. Ya-Barci ba ta yi faɗa ba. Ta sake gwaji, ta ce a ajiye kitso sai an tabbatar ba za ta sa wa kowa ba, ta nemi a duba na kusa da ita, ta kuma ce masu binciken ma suna bukatar jin wannan, don akwati buɗewa kawai yake gani, ba ya ganin maƙogwaro. Da ta tambayi barci, Goggo ta ce ba ya zuwa. Suka daɗe a ɗakin.

Saura kawunan mata. Nan Lasifika ta yi aikin da ta fi iyawa: kafin la'asar duk layi ya ji cewa wuyan hannun Goggo ne ya goce, kowa ta yi haƙuri. Kullum da safe kuma sai ta leƙo da kofin ruwa, ta tsaya har ta ga an haɗiye. Da aka ba Goggo izini ta fito da kujerarta inda iska ke kaɗawa, kawuna suka dawo, ban da biyu da suka saba da wani hannun.

Akwatin yana nan a kan taga, fuskarsa ga bango, an lulluɓe shi da tsohon ɗankwali, don har gobe Goggo ba ta canza kaya a gabansa.

Na je na same ta tana tsaga, na ce tarihinta nake rubutawa, duniya za ta san da gudummawarta aka gyara binciken likitoci. Ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Su suka aiko ka? Matsa, ka tare min haske."