Alwin Mai Burodi da Saniyar Teku

Alwin Tedsen bai iya iyo ba. Da wannan zan fara, domin duk wanda ya ji an ce mutumin Husum ne, garin da teku ke lasar gindin gidaje, sai ya ɗauka kifi ne. Ina! Alwin ko gada zai haye sai ya bi ta tsakiya. Gashin burodi ya gada wurin ubansa, shi kaɗai ya sani, shi ne kuma ya ja masa. Da yaƙi ya yi zafi aka ƙera manyan jiragen nutso masu kai wa 'yan'uwansu mai da abinci a tsakiyar teku, aka sa musu tanderu a ciki, sai wani mai hula a ofis ya ce a nemo masu gashi. Haka aka kwaso mana Alwin, da tumbinsa da hannuwansa masu laushi.

Ni Hauke, aikina tuƙa kwalekwalen roba. Jirginmu kuwa Saniya ake ce mata, don ita ake zuwa a tatsa. Ƙatuwa ce, ba ta farautar kowa. Jiragen farauta ne ke zuwa da yunwa, mu tsaya a saman ruwa, a miƙa musu tiyo su yi ta zuƙar mai, ni kuma ina kai da komo tsakani da dankali, da burodi, da likita. Doka ɗaya kowa ya haddace. In jirgin saman abokan gaba ya ɓullo, a sare tiyo, Saniya ce za ta fara nutsewa saboda nauyin jikinta, mafarauta su tsaya a sama suna harbi su kare ta. Murfin ƙofar sama kuma ba ya jiran kowa. Wanda ke waje, na waje ne.

Wannan dokar ce ta hana Alwin sukuni. Tun da ya sauka tsanin shiga jirgi a tashar ruwa ta Bordo bai sake hawansa ba. Mukan tsokane shi.

"Alwin, fito ka ga rana mana, an ce ta yi ƙiba."

"Ku gaishe ta," in ji shi, yana murza kwaɓi.

Ko cokali ne ya faɗi sai ya zabura. Ni dai haushi yake ba ni, ga mu muna wasa da ranmu a waje, shi yana ciki yana gumi a banza. Amma burodinsa, wallahi, sai wanda ya ci. Mutanen da suka yi makonni suna kankare furfurar ruɓa daga nasu, in na miƙa musu na Alwin da ɗuminsa, na sha ganin ƙato da gemu yana share hawaye.

Alwin yana da ƙane, Fiete, autansu, a wani jirgin farauta. A lokacin kuwa mafarauta fita suke yi ba sa dawowa. A hutun Alwin na ƙarshe, uwarsu Gesche ta riƙe masa hannun riga ta ce, "Jirginku ba ya shiga faɗa. In Allah ya haɗa ku a ruwa, ka shigo mini da yaron nan jirginku." Ya ce to. Hanya ɗaya ce tak: likitanmu ya duba mutum ya ce ba shi da lafiya, a ɗauko shi zuwa Saniya. Daga ranar likita bai sake cin baƙin burodi irin namu ba, sai fari mai zabibi.

Da bazarar alif ɗari tara da arba'in da uku ta shigo, mu kanmu tsoro ya gama cika mana ciki. Duk inda aka yi alkawarin haɗuwa, komai nisansa, sai jirgin sama ya zo kamar an aika masa goron gayya. Saniyoyi 'yan'uwan tamu suka riƙa ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Na gaya wa Alwin, ya ce shi dai ya san ciki ya fi waje.

Ran nan da hantsi, ruwa kwance luf, sama ba ko ɗigon gajimare, irin ranar da muka fi tsana, sai ga jirgin su Fiete ya taso kusa da mu. Ina cikin loda kaya na ji mutane sun yi tsit. Na waiwaya, sai ga kan Alwin ya leƙo daga murfi, fuskarsa fari fat kamar garin da yake kwaɓawa.

"Hauke, da ni za ka."

"Kai? Yau kuma me ka sha?"

"Kyaftin ɗinsu ba zai saki mutum don maganar likita kaɗai ba. Riƙe ni, don Allah, ƙafafuna ba sa jin magana."

Muka shiga mu uku har da likita. Alwin ya zauna a tsakiyar kwalekwale, ya rungume buhun burodi, ya runtse ido. Haƙoransa na ji suna haɗuwa har muka isa.

Fiete dogo ne siriri, da maruru a wuya. Likita ya latsa, ya ɓata fuska, ya ce dafin ya kusa shiga jini. Kyaftin ɗinsu ya yi tsaki.

"Maruru? Ni ma ina da shi a inda ba zan nuna maka ba."

"Yallaɓai," in ji Alwin, "akwai wani gashin burodi da na sauke yanzu. Duka naku ne."

Kyaftin ya dubi mutanensa, waɗanda hancinsu ya riga ya bi buhu. Ya ce a ɗauke shi, amma a yi sauri.

Kwalekwalen mutum uku yake ɗauka, har da ni. Fiete ya ce, "Yaya, kai ka fara tafiya, dubi yadda jikinka ke ɓari."

"Rufe mini baki ka wuce. In ka isa kada ka tsaya shan iska a sama, ka sauka har ƙasa. Ka ji ko?"

"Na ji, Yaya."

Na kai likita da Fiete, na ga yaron ya shige murfi da idona. Na dawo da burodin alkawari, na ɗauki Alwin. Mun kai tsakiya ke nan wani ya kurma ihu.

Jirgin sama ne, daga cikin rana ya fito, ƙasa-ƙasa. Na ga gatari ya sauka kan tiyo, na ga mutanenmu suna faɗawa ramin ƙofa kan juna, na ga murfi ya rufe. Na yi ta dukan ruwa da filafili ina zaginsu, uwa da uba, alhali na san doka. Alwin ya miƙe yana ihu, "Ku jira! Ku jira mu!" Sai kuma ya damƙi hannuna.

"Fiete yana ciki?"

"Yana ciki."

"To, mun gode Allah." Ya kwanta rub da ciki ya rufe kansa da hannu.

Saniya ta yi ta nutsewa a hankali, kai ƙasa, gindi sama, kamar ba ita ake nema ba. Bindigogin mafarauta suna ta aman wuta, jirgin saman ko kallonsu bai yi ba. Kumfar da ta bari ya nufa, ya saki bama-baman da ya ɗauko. Ƙarar ba a kunne na ji ta ba, a ciki na ji ta. Ruwa ya tashi ya zubo mana. Can sai baƙin mai ya fara tasowa yana faɗi, sai katakai, sai dankali. Mutum ko ɗaya.

Mafarauta suka jefo igiya suka fizge mu, muka nutse tare da su. Gadon da babu mai shi ɗaya ne a jirgin, na Fiete. A kansa Alwin ya kwanta har Bordo, fuskarsa a bango.

Ya rayu, kada ku ce bai rayu ba. Bayan yaƙi ya koma tanderun ubansa, ya yi gashi har hannu ya soma rawa, a kan gadonsa kuma ya mutu. Amma ni in na tuna shi, ranar da muka isa Husum nake gani. Ya roƙe ni in raka shi, ya ce shi kaɗai ba zai iya ba. Labari bai riga mu zuwa ba. Muna shiga lungu Gesche ta hango mu ta taga, ta fito da gudu tana goge hannu a zane.

"Alwin! Kun haɗu? Ka shigo da shi jirginku kamar yadda na ce?"

Alwin ya dube ta. Ya ce, "Na shigo da shi, Mama."

Ta ɗaga hannu sama tana godiya. Sannan ta leƙa ta bayan kafaɗarsa tana duban hanya.