Hantar Bijimi a Dama Take

Mas'udu yana kan keke yana ɗinka wuyan wata riga, da hantsin ranar Asabar, sai Abdulhalim mahauci ya tsayar da babur a ƙofar shagon, ko injin bai kashe ba. Ya ce, "Tela, rufe shago. Wada ya cika."

Mas'udu ya yi salati, ya sake yi. Abin da ya fara faɗo masa a rai, wanda har yau yake jin kunyarsa, shi ne ƙarfe huɗu da rabi za a sa fim, kuma babu mai zagin fim ɗin.

Wada ɗan Garwa ne, mahauci ɗan mahauci. Shekara talatin ya yi tsakanin mayanka da teburinsa na babbar kasuwa, ran Lahadi kuma yana kasuwar Pitowa wajen shanu. In ya shafa haƙarƙarin saniya, ya ɗaga fatar idonta, zai faɗi abin da ke cikinta kafin wuƙa ta faɗa. Hausa da Fillanci ba a kayar da shi, amma Faransancinsa bai wuce gaisuwa ba. Shi kuwa Mas'udu ya kai aji shida kafin ya gudu, saboda haka a wurin Wada shi ne babban shehin boko na duk yankin Binuwai.

Abotarsu ta ƙuruciya ce, amma wani fim ɗin Turawa da ake nunawa kashi-kashi ne ya mayar da ita ta kowace Asabar. Labarin wata sarauniya ne da mayu suka kwantar, da jarumai bakwai masu nema mata magani a ƙasar aljanu. Da Faransanci ake yin sa. Wada yakan zo shago bayan la'asar da tsire a takarda, Mas'udu ya kunna talabijin ya yi tafinta. Inda ya gane ya faɗa, inda bai gane ba ya ɗinka nasa.

"Kai tela, ka ji tsoron Allah," in ji Wada. "Mutum ya yi magana har kumfa ta fito masa, ka ce min wai ya ce sannu da zuwa?"

"Haka Faransanci yake, Sarkin Fawa. Doguwar riga ce, mutumin ciki ƙarami."

Ba wanda ya taɓa naɗa Wada sarautar komai, amma yana amsawa.

Da damina idon Wada ya fara yin rawaya, ciki ya ɗaga, hannu ya rame. Mas'udu ne ya raka shi asibiti, don shi ne mai jin yaren likita. Likitan ya daɗe yana bayani a hankali, kuma a ranar, cikin rashin sa'a, Mas'udu ya gane kowace kalma. Hanta ta gama aiki, a mai da shi gida, saura 'yan watanni. Wada ya juyo ya ce, "Me ya ce?" Mas'udu ya ce, "Wai gajiya ce. Ka huta, ka rage maiƙo."

Daga ranar barcin kirki ya ƙaurace wa Mas'udu. Ya hana mutum sanin ajalinsa ya matso, ya hana shi shirya gidansa da neman gafarar jama'a. Kowace Asabar ya ɗaura talabijin a bayan babur ya kai zauren Wada, da niyyar yau zai faɗa. Kowace Asabar ya dawo da talabijin da maganar duka.

Asabar ɗin ƙarshe aka nuna kashin da suka yi shekara biyu suna jira. Jaruman suka cim ma bijimin aljanu mai ƙahon tagulla, wanda girmansa ya kai motar auduga, don hantarsa ce maganin sarauniya. Wada yana kishingiɗe a tabarma, matarsa Hansai ta tokare masa baya da matashi biyu ta koma ciki. Ya kalla har aka gama. Sannan ya gyara murya.

"Bijimin dai na yaba. Wanda ya yi shi ya taɓa tsayawa kusa da sa. Ka ga yadda ya karkata kai kafin ya taso? Haka suke yi. Tsohuwar nan mai kiwonsa ma, da ta ƙi kallon yankan, ta ba ni tausayi. To daga nan basira ta ƙare musu."

"An fara," in ji Mas'udu.

"Ƙato bakwai, babu mai igiya ko ɗaya! Suka yi ta tsalle a kansa kamar fara. Shi kuma babban, mai farar riga, ya yanka sa kamar gidan sama, ya fito fes, ka ce daga wajen mai guga yake. Sannan ya zura hannu ta hagu ya zaro hanta. Ta hagu! Hantar bijimi a dama take, ko na aljanu ne. Tumbi ya ɗauko wa baiwar Allah, shi za ta sha ta warke. Naman kuma suka bar wa ungulu suka hau dawaki. Garin da ake yunwa! Ko mai kilishi ɗaya babu a ƙasar tasu?"

Dariya ta sa shi tari, tarin ya daɗe. Mas'udu ya riƙe masa kofin ruwa, ya ji nauyin kan abokinsa a tafin hannunsa bai fi na jariri ba. Ya ce, "Wada, maganar likitan nan. Ba gajiya ya ce ba."

"Allahu akbar, tela zai faɗi gaskiya. A kira mutane su shaida."

"Ba wasa nake ba."

"Ni ma. Shekara talatin ina buɗe cikin shanu, Mas'udu. Saniyar da idonta ya yi irin nawa, ko kyauta aka ba ni ba na karɓa. Tun a asibiti na sani. Likita yana kallon takalminsa, kai kana kallon rufi. Na gaya wa Hansai, na kira ƙannena, na nemi gafarar 'yan kasuwa ɗaya bayan ɗaya. Kai kaɗai ka rage ba ka san na sani ba."

Mas'udu ya kasa riƙe hawaye. "Ka bar ni wata biyu ina cin wuta?"

"Da na faɗa, da ka daina zuwa da talabijin, ka riƙa zuwa da doguwar fuska. Masu doguwar fuska sun ishe ni."

"Ka yafe min."

"Na yafe, duniya da lahira. Share fuskarka kada Hansai ta ce na doke ka. Asabar in ina nan, ka zo da wuri, mu ga ko tumbin ya yi mata magani."

"In sha Allah kana nan."

"Ka ji ka kuma. In ba na nan, ka kalla kai kaɗai, ka yi min addu'a. Amma don Allah kada ka biyo ni maƙabarta da fassararka."

Mas'udu ya ce, "To, Sarkin Fawa."